Magani Kyauta Ne, Kai Shi Ƙauye Fa?

A ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da makantar rafi. Ita ce ta farko a Afirka, ta biyar a duniya bayan Kolombiya da Ekwado da Meziko da Gwatemala. Cikin abubuwan da suka kai ta ga haka har da wata 'yar farar ƙwaya da kamfanin Merck na Amurka yake bayarwa kyauta tun 1987. Duk mai son nuna cewa kamfanoni za su iya kai lafiya inda gwamnati ta kasa kaiwa, da wannan labari yake fara kafa hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. Amma ana yawan yanke labarin a tsakiya. Rabin da ake bari shi ne ya fi amfani ga wanda yake son sanin wace kyauta ce ke warkar da talaka, wace ce kuma ke ƙarewa a hoton jarida.

Cutar a fata take farawa kafin ta kai ido. Wani ɗan mitsitsin baƙin ƙuda ne, mai hayayyafa inda ruwa ke gudu kan duwatsu, yake ɗauko ta daga wannan ya kai wa wancan. Uwar tsutsar takan dunƙule a ƙarƙashin fata ta yi ƙululu a ƙugu ko a haƙarƙari, ta zauna shekara goma zuwa goma sha biyar tana zubo 'ya'ya ba iyaka. 'Ya'yan ne ke yawo a jiki suna sa ƙaiƙayin da ke hana barci, har mutum ya koma susa da totuwar masara, fatar ƙwauri ta yi dabbare-dabbare. In suka isa ido sai gani ya riƙa raguwa har ya ɗauke. A kwarin kogin Bolta, tsakanin arewacin Gana da Burkina Faso, an yi garuruwan da kusan rabin magidantan da suka haura arba'in makafi ne, yara na ja musu gora. Ƙauyuka sun tashi ɗungurungum, sun bar fadama mai albarka sun koma kan tsandauri.

Maganin kuwa, makiyayi ya riga likita saninsa. Duk mai kiwon shanu ko mai turkar ragon layya ya san Ivomec, allurar tsutsar ciki da kaska. Asalinsa wata ƙwayar halitta ce da masanin nan na Japan, Satoshi Omura, ya samo a cikin ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf, aka aika wa Merck, inda William Campbell da abokan aikinsa suka fitar da magani daga cikinta. A 1981 ya shiga kasuwa a matsayin maganin dabbobi. Campbell ya lura yana kashe 'ya'yan wata tsutsar dawaki mai dangantaka da wadda ke makantar da mutane, sai wani likitan kamfanin, Mohammed Aziz, mutumin Bangaladash da ya taɓa aiki a Afirka, ya je Dakar ya gwada shi a jikin mutane. Ya yi aiki. Daga baya, a 2015, Omura da Campbell suka sami lambar Nobel saboda shi.

Nan aka zo inda gizo ke saƙa. Masu bukatar maganin su ne waɗanda ba su da ko sisin saye. Shugaban kamfanin na lokacin, Roy Vagelos, ya nemi gwamnatin Amurka da manyan hukumomin agaji su saya su raba, ba wanda ya amsa. A Oktoban 1987 kamfanin ya fito ya ce zai bayar da shi kyauta, da sunan Mectizan, ga duk mai bukata, gwargwadon bukatar, har ranar da aka daina bukata.

Ban ga dalilin rage wa wannan shawara daraja ba. Mutane ne suka zauna suka yanke ta, kuma da sun ga dama da sun kulle maganin a durowa. Amma yana da kyau a san abin da ya sauƙaƙa ta. Maganin dabbobin yana kawo wa kamfanin maƙudan kuɗi, har ya zama cikin waɗanda aka fi saye a duniya, saboda haka in an bi diddigi shanun Amurka da tumakin Ostareliya ne suka biya wa manomin Taraba kuɗin magani. Ƙwayar ƙarama ce, ba ta bukatar firji, sau ɗaya ake sha a shekara, kuma haɗa ta sana'ar kamfanin ce. Ya ba da abin da ya fi kowa iya yi, wanda kuma ba zai karya shi ba ko da an ɗauki shekaru.

Shekarun nan su ne jigon maganar. Mectizan 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar tana nan da ranta. Kenan sai an yi ta sha duk shekara, gari gaba ɗaya, har uwayen da ke jikin mutane su tsufa su mutu da kansu, ƙuda ya rasa abin ɗauka. Da kyautar ta shekara uku ce, ko ta biyar, da ƙaiƙayi ya lafa na ɗan lokaci ya dawo. Yanzu an doshi shekara arba'in ana bayarwa, an canza shugabannin kamfanin sau da dama, alkawarin bai motsa ba. Kwatanta wannan da irin tallafin da muka saba gani, wanda ransa ke ɗaure da wa'adin manajan da ya kawo shi.

Sai babbar tambaya: wa ke kai ƙwayar bakin mai sha? Kamfani yana turo ta har ƙasar da ta nema. Daga tashar jirgi zuwa sito, daga sito zuwa jiha, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, wannan duk aikin wasu ne da kuɗin wasu. Da farko ayarin ma'aikata ake turawa da motoci. Abin ya yi tsada, kuma sau da yawa su iso gari hantsi ya dubi ludayi, kowa yana gona. A 1995 aka kafa shirin yaƙi da cutar na Afirka, aka juya tsarin: gari ne zai zaɓi mai raba masa magani, ya tsai da rana, ya ce gida-gida za a bi ko a dandali za a taru.

Yadda abin ke gudana ya cancanci a tsaya a kalle shi. A taru a ƙofar gidan mai gari a nuna mutum, galibi manomi ne ko malamin makaranta mai ɗan karatu da rubutu. A yi masa horo na kwana ɗaya ko biyu, a miƙa masa littafin rajista da robar magani da sandar awo. Sandar ita ce sikelinsa. An yi mata zane-zane da fenti, mutum ya tsaya a jikinta, inda kansa ya kai shi zai nuna ƙwaya ɗaya za a ba shi ko biyu ko uku ko huɗu. Yaron da bai kai zanen farko ba, wato santimita 90, ba a ba shi. Haka mai ciki, haka wanda ciwo ya kwantar. Ba a ba mutum ya tafi da shi gida, a gaban mai rabon za ka haɗiye ya rubuta sunanka. In ya zo gidan kulle sai ya tsaya a zaure, shi ya sa garin da ya yi dabara yake zaɓar mace ta biyu da za ta shiga ciki. Washegari shi ake bugo wa ƙofa in wani ya tashi da kumburin fuska ko zazzaɓi, shi zai yi bayanin cewa tsutsar ce ke mutuwa. Ba shi da albashi. In garin na da kirki a haɗa masa tiyar dawa ko a yi masa gayya a gonarsa, in ba shi da shi a ce Allah ya saka. Kuma yana gani ana biyan masu ɗigon shan inna alawus a wannan garin nasa, shi ya sa da yawa ke ajiye sandar bayan 'yan shekaru. Idan ana lissafin wanda ya yi kyauta a wannan aiki, kwanakin da wannan bawan Allah ya bar gonarsa ma kyauta ce, kuma gwargwadon abin hannunsa ta fi ta kamfanin tsada.

Ko nasarar Nijar ɗin ba ta ƙwaya kaɗai ba ce. Tun 1974 Bankin Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙasashe masu ba da agaji suka kafa shirin kashe ƙudan a Afirka ta Yamma, hedikwatarsa a Wagadugu, jirage masu saukar ungulu suna bin koguna mako-mako suna zuba maganin da ke kashe tsutsar ƙudan. A Nijar an yi wannan feshi daga 1976 zuwa 1989, shi ya karya lagon cutar. Rabon ƙwayar da aka yi daga 2008 zuwa 2019, wanda asali don tundurmi aka yi shi, ya zo ya share ragowar. A Najeriya ma, inda cutar ta fi yawa a duniya, jihohin Filato da Nasarawa sun kai ga dakatar da rabon ne bayan shekaru sama da ashirin na aikin ma'aikatun lafiya da Cibiyar Carter, su kuma Kaduna da Kabi da Zamfara tare da ƙungiyar Sightsavers. A dazukan Kamaru kuwa an koyi wani darasi mai ɗaci: wanda jininsa ke cike da wata tsutsar daban, wadda ake gani tana ratsa farin ido, in ya sha Mectizan yana iya suma, wasu ma sun rasu. Magani na kyauta ma yana bukatar mai sa ido da asibitin da za a garzaya.

Da sauran kamfanoni suka ga abin ya yiwu, suka biyo sahu. A 1998 kamfanin da yanzu ake kira GSK ya yi alkawarin ba da albendazole don tundurmi da gwaiwa, Pfizer kuma na Zithromax don amosanin ido. Novartis yana ba da maganin kuturta tun 2000, Sanofi na ciwon barci tun 2001, wani Merck ɗin na Jamus kuma na tsargiya tun 2007. A yaƙi da kurkunu kamfanin DuPont ya ba da zaren da aka saƙa ƙyallen tace ruwa, Janar Yakubu Gowon yana bin ƙauyuka yana matsa wa gwamnoni su haƙa rijiyoyi. Najeriya da ta ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, a 2013 aka ba ta shaidar rabuwa da shi, ita da Nijar. Yaran yanzu a labari kawai suke jin sa. Wanda ya ce kyautar kamfani duk talla ce, bai ga tsohon da ke nuna tabon kurkunu a ƙafarsa ba.

To amma dubi jerin nan da kyau. Kusan duka cututtuka ne da ƙwaya ke maganinsu, wadda za a iya ƙirgawa a rubuta a rahoton shekara. Kyautar ce ke zaɓar cuta, mai ciwo ba a tambayarsa. Matar da naƙuda ta zo mata da gardama ƙarfe biyun dare a ƙauyen da ke nesa da titi, ba ƙwayar shekara-shekara take bukata ba. Tana bukatar ungozoma da ke kwana a wurin, da fitila, da jini a ajiye, da motar da ke da mai. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma babu kamfanin da ke ƙera ungozoma a masana'antarsa. Haka mai sikila, haka mai ciwon suga, haka wanda ake wa wankin ƙoda sau biyu a mako har gonar gado ta ƙare.

Saran maciji ya fi nuna abin ƙarara. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe yana karɓar dubban mutane a shekara, manoma da makiyaya da kububuwa ta sara, kuma ƙarancin maganin dafi ba baƙon abu ba ne a can. Talauci iri ɗaya, ƙauyuka iri ɗaya da na masu makantar rafi. Amma maganin dafi yana da wuyar haɗawa, daga jinin dawaki ko tumaki ake fitar da shi, ga tsada, kuma babu wata kasuwar masu kuɗi da za ta ɗauki nauyinsa. A 2014 Sanofi, wanda ke ba da maganin ciwon barci kyauta, ya daina yin Fav-Afrique, ɗaya daga cikin magungunan dafi mafiya inganci a Afirka, don ba ya fita a kasuwa. Kamfani ɗaya ne, hannun dama na bayarwa hannun hagu na janyewa, kuma kowanne da lissafinsa.

Rabin labarin da ake bari ya fito fili a 'yan shekarun nan. A 2021 Ingila ta zabtare kuɗin agajin da take bayarwa, ta janye daga shirin raba waɗannan magunguna kusan gaba ɗaya. Kamfanoni ba su fasa bayarwa ba, amma aka shiga fargabar ƙwayoyi sama da miliyan 200 za su lalace a sito saboda babu kuɗin horo da na mai. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, aka sake shiga wannan hali a ƙasashe da dama. Magani yana nan, kyauta, a kwali, ranar lalacewarsa na matsowa.

Akwai kuma masu cewa wani lokaci kyautar kanta ce matsalar. A 2016 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ƙi karɓar allurar rigakafin ciwon huhu guda miliyan ɗaya da Pfizer ya yi mata tayi. Mutane da yawa sun yi mamaki, yara na mutuwa a ƙi kyauta? Hujjarsu ita ce kyauta tana zuwa da sharuɗɗan inda za a yi amfani da ita, tana iya tsayawa ranar da mai ita ya so, kuma tana ba kamfani abin fakewa ya bar farashi a sama ga kowa. Suka ce a rage kuɗin, su saya da kansu. Ba a jima ba kamfanin ya sauke farashin zuwa wajen dala uku ga ƙungiyoyin agaji. A ganina sun yi daidai, kodayake ba ni ne zan kalli idon uwar da ɗanta bai samu allurar ba a watannin da ake jayayya. Mafi muni shi ne kyautar share sito. Lokacin yaƙin Bosniya an jibge tan dubbai na magungunan da suka lalace ko ba su da amfani a wurin, har ƙona su ya zama wani sabon nauyi, wannan na cikin abubuwan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kyautar magani a 1996. Kada a manta, dokokin haraji a Amurka, har ma da Najeriya, suna rangwanta wa kamfanin da ya yi kyauta. Wani kaso na abin da ake gode wa kamfani a kai, baitulmali ne ya yafe.

Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan amana. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe mutum sama da dubu goma a Arewa, Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara, cikin gwajin da ya haɗa yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya tsaya kan cewa ya sami izini kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa, har Kano ta dakatar da shi kusan shekara guda, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Jita-jitar ƙarya ce, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma sunan Trovan na cikin abin da mutane ke ambata. Talaka a nan yana da tambayar da ba a taɓa ba shi gamsasshiyar amsarta ba: me ya sa ake bin sa har ɗaka da maganin da bai nema ba, amma in ɗansa na masassara sai ya sayi katin asibiti da safar hannu da sirinji? Duk kamfanin da ya shigo da kyauta, wannan tambaya ce ke jiransa a zaure.

Mu dawo kan namu na gida, bankuna da kamfanonin waya da na siminti da na abinci. Abin da suka fi so shi ne gini da motar ɗaukar marasa lafiya da duba marasa lafiya na kwana ɗaya. Dalilin a fili yake, akwai bangon da za a manna tambari, akwai zaren da gwamna zai yanke. Bayan shekara biyu ka koma. Ɗakin haihuwa na nan da fentinsa, ba ma'aikaciya. Na'urar hoto tana lulluɓe da leda tun ranar da wani ɗan ƙarfe ya ƙone, don injiniyan da ya san ta yana wata ƙasa. Motar tana kan duwatsu a bayan ofis. Kamar a ba mutum doki ne a hana shi harawa. Shi kuwa duban kwana ɗaya, a gwada dattijo a ce masa yana da hawan jini, a ba shi maganin mako biyu, a naɗe rumfa a tafi. An bar shi da labarin ciwo, ba a bar shi da magani ba.

Lokacin korona, a 2020, manyan kamfanoni suka haɗu ƙarƙashin CACOVID suka tara biliyoyin naira cikin 'yan makonni, suka kafa cibiyoyin killace masu cutar a jihohi. Wannan sauri gwamnati ba ta da shi, kuma ya kamata a faɗa. Amma a Oktoban shekarar duniya ta ga jama'a suna fasa rumbuna a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suna fitowa da buhunan abincin tallafin da aka miƙa wa jihohi ba a kai ga rabawa ba. Kowa da bayaninsa kan dalilin jinkirin. Abin da ba a musu shi ne kayan sun zo, a tsakanin sito da mai jin yunwa suka maƙale.

Wanda ya fi burge ni cikin na gida ba shi da bangon manna tambari. A ƙarshen 2012 Gidauniyar Dangote da ta Bill Gates suka sa hannu da gwamnatin Kano kan rigakafin yara na yau da kullum. Aka buɗe asusu ɗaya, kowa ya zuba nasa, da sharaɗin kason jiha zai riƙa ƙaruwa duk shekara, na gidauniyoyin yana raguwa, har jiha ta ɗauka duka. Kuɗin firji mai aiki da hasken rana aka kashe, da motar kai allura asibitocin karkara, da man babur na ma'aikacin da ke fita ƙauye, da binciken kuɗi. Daga baya Bauci da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe suka shiga. A Agustan 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da asalin ƙwayar shan inna. Ba a gama ba, don har yanzu Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan yaran da ba su sami ko zagayen farko na rigakafi ba, kuma da yawansu a waɗannan jihohi suke. Amma tsarin ya kama wurin da ya dace: ya biya abin da ba ya fitowa a hoto, ya kuma ɗaure gwamnati da aikinta a rubuce.

A Obuwasi ta Gana kuma son kai ne ya yi amfani, ba tare da an ɓoye shi ba. Kamfanin haƙar zinariya na AngloGold Ashanti ya ga zazzaɓin cizon sauro na kwantar masa da ma'aikata, ya kuma gane sauro bai san katangar kamfani ba. Daga 2006 ya shiga feshin ɗakunan garin gaba ɗaya, har da unguwannin da ba su da ko ma'aikaci ɗaya. Cikin 'yan shekaru masu zuwa asibitinsa da zazzaɓi suka ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, har Asusun Duniya na yaƙi da zazzaɓin ya ba shi sama da dala miliyan 100 ya faɗaɗa aikin zuwa wasu gundumomi. Ni kam na fi natsuwa da kamfanin da ya ce lafiyar garin nan ribata ce, don wannan ba zai gudu ba ranar da 'yan jarida suka daina zuwa.

Wannan dabara ta ciyar da abin da aka gina ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi. Da Sarkin Misira Mansur Ƙalawun ya gina babban asibitinsa a Alƙahira a 1284, bai tsaya ga gini ba. Ya yi masa waƙafin kadarori masu kawo kuɗi duk shekara, daga nan ake biyan likitoci da abinci da magani, mai kuɗi da matalauci duk a duba su ba ko kwabo. Asibitin ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki. Attajiranmu sun san falalar sadaka mai gudana sarai, sai dai kusan kullum masallaci da rijiya ake nufi da ita. Ban ga abin da zai hana jerin shaguna a Kantin Kwari ko sito a Dawanau ya zama waƙafin albashin ungozomomi biyu a wata mazaɓa ba.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne gwamnati ta laɓe bayan masu kyauta. A Abuja aka zauna a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Gwamnatin tarayyar Najeriya, mai masaukin taron, tana yawo ne wajen kashi 5, kuma sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun mai jinya yake fita. Duk kyautar kamfanonin ƙasar in aka haɗa ba ta kusa cike wannan rami ba. Kuma akwai bambancin da ya fi na yawa: abin da gwamnati ta hana ka, kana da bakin nema, abin da kamfani ya fasa ba ka sai dai ka yi shiru. Kamfanin da ke kauce wa haraji, ko yake zuba dagwalo a ruwan da gari ke sha, sannan ya zo da kwalin magani ranar bikin cikarsa shekara ashirin, wannan bashi ne ake binsa bai biya ba.

Saboda haka ga masu kamfani da manyan 'yan kasuwarmu da Allah ya hore wa: kafin a kira magini, a je asibitin mazaɓa ɗaya da yake tsaye an riga an gina, a tambayi ma'aikaciyar da ke ciki abin da ya ƙare mata. A ɗauki wannan, albashi ne ko man janareto ko firjin jini, a rubuta shekara goma, a sa ƙaramar hukuma ta sa hannu kan nata kason, a manna takardar a ƙofar asibitin inda kowa zai karanta. Kai kuma mai karatu, in aka gayyace ka ƙaddamar da wata kyautar lafiya a garinku, bayan an gama tafi ka ɗaga hannu ka tambaya: shekara nawa za a yi ana bayarwa, kuma wa zai biya ma'aikaci da kuɗin mai?